Duron Iya da Shinkafar Kala

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Iya ta ajiye aikin turara shinkafa. Ina tsaye a wurin da tsintsiya a hannuna. Hantsi ya fara ɗagawa, tsakar gidanmu ta cika da tururi da ƙamshin nan na shanshera mai zafi, wanda tun daga bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, in mutum ya shaƙe shi ya san unguwarmu ya doso. Iya, wato mahaifiyar babanmu, ta yaye buhun da ta rufe bakin duro da shi, ta leƙa ta ga shinkafa ta buɗe baki, sai ta sa tsumma ta kama gefen duron za ta karkato shi kan tampol kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni. Duron ya ɗan motsa ya koma mazauninsa. Ta sake yunƙurawa, ya ƙi. Sai ta saki, ta dafe ƙugu, ta ja da baya a hankali ta zauna a kan kifaffen turmi. Kaji sun zagaye tampol suna jiran abin da bai zubo ba. Ta daɗe tana kallon duron nan, sannan ta ce, ba da kowa ba, “To, mun yi sallama.”

Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne duron. Rabin duro ne ma, baƙi ƙirin saboda hayaƙi, ga lotsawa a gefe, da hannaye biyu na rodi da wani maƙeri ya liƙa masa. Amma a ƙauyenmu da ke gefen Kura, in aka ce shinkafar Iya, kowa ya san abin da ake nufi. Manoma da 'yan kasuwa sukan kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, in an kai injin casa ta fito tsayayya garai-garai, babu karyayya babu fari-fari a tsakiyar ƙwayar. Ni kuma a gindin duron nan na tashi. A tokarsa nake gasa dankali, a ɗuminsa nake shanya allona, kuma sunan Iya aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Ummanmu ba ta iya hayaƙi saboda ciwon ƙirji, don haka ba wanda ya yi tunanin akwai magaji a gidan.

Da yamma Baba ya dawo daga gona ya zo gaishe ta, ya tarar da ita a kwance an shafa mata man zafi. Ita da bakinta ta ce masa tunda yana da niyyar sayen sa ya turke bayan girbin rani, ya ɗauki duron ya kai a tsaga masa ya zama kwamin shan ruwa, don kayan aikin da ba a aiki da shi tsatsa ce ke cinye shi. Ban san lokacin da na ce, “Ni zan riƙa yi!” ba. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, Umma ta leƙo daga ɗaki tana cewa yarinyar da ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba gudaji. Iya kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kawo mini kwano ɗaya tsayayya, wadda kika turara da hannunki, kafin a sayo san nan. In kin kawo, duro naki ne. Amma ba da shinkafar gidan nan za ki koyi ɓarna ba, ki nemo taki.”

Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba ta da gona, amma tana da kala. A wajenmu in an yanke shinkafa da lauje, an buge ta a kan tampol, mata sun sheƙe, mai gona ya ɗora buhunsa na ƙarshe a amalanke, abin da ya rage a ƙasa na yara ne da tsofaffi. Ba a shiga sai mai gona ya ɗaga hannu ya ce a shiga, kuma in ya ce, ba ya sake waiwayowa, don abin kunya ne babba a ji an kori mai kala. Ni da ƙawata Talatu, wadda gidansu ke wata 'yar unguwa a ƙetaren kanal, mukan fita Alhamis da Juma'a da yamma tunda babu Islamiyya, sai kuma safiyar Asabar da Lahadi. Kayan aikinmu ƙwarya ce da guntuwar tsintsiya da sanda. Mu tsince zangarniyar da ta faɗi, mu sake dukan tattaka, wato karan shinkafar da maza suka buge suka jefar, mu share inda aka shimfiɗa tampol, ƙasa da tsakuwa da komai, sai mun zo gida mu rairaye. Yara maza kuwa ramin ɓera suke haƙawa, wani lokaci su tarar da zangarniya shirye tsaf kamar a rumbu, su yi ta ihu suna yi wa ɓeran godiya. Ƙaiƙayi ya shiga wuya ya shiga hammata, mu yi ta susa, in rana ta yi sanyi mu gangara ƙaramin kanal mu wanke ƙafa da hannu, muna tsoron matsattsaku muna kuma watsa wa juna ruwa. Ban taɓa gajiya irin ta lokacin nan ba, ban kuma taɓa jin daɗi irin nasa ba.

Cikin kwana goma na tara abin da ya kai kwano uku. Na ari tsohuwar tukunyar Umma, na wuce ta gaban Iya ina wani ɗaga kai, don a ganina abin da na shekara biyar ina kallo ai babu sauran abin koyo a cikinsa. Na ɗumama ruwa na zuba shanshera na rufe. Washegari Litinin ce, na makara, na ce bari sai na dawo daga makaranta. Da na dawo sai na yi wa kaina lissafi: in kwana ɗaya a ruwa yana gyara shinkafa, kwana biyu ai sai ya fi. Ranar Talata da na ɗaga murfi, warin da ya taso sai da ya kori akuyarmu daga inuwa. Duk da haka na turara, na shanya, na daka a turmi na dafa, wai ko za a dace. Ƙanena ya kai loma ɗaya ya tofar, ya ce shinkafar Yaya ta yi gumi ba ta yi wanka ba. Agwagin maƙwabta ne suka ci walima. Iya tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi.

Na koma kala, wannan karon har gonakin da ke hanyar Garun Mallam, don na kusa duk an share. Na biyun na kiyaye jiƙo, kwana ɗaya tak na tsame. Matsalar daga wuta ta zo. Iya da buntu take turara, wato ɓawon shinkafa, mai ci a hankali, ni kuwa na ga abin yana ɓata mini lokaci, na cusa karan dawa wuta ta tashi bal-bal. Ana cikin haka su Talatu suka zo da duwatsun carafke, na ce wasa ɗaya kawai zan yi. Wasa ɗaya ya zama bakwai, ina cikin cinye su ne na ji ƙauri. Ruwan gindin tukunya ya ƙone ƙurmus, ta ƙasa ta zama gawayi, ta sama ko ɗumi ba ta gama yi ba. Na sha faɗa a wajen Umma saboda tukunya, na yini ina kankara da toka da yashi. A makaranta labari ya riga ni isa, ana fita hutun ƙarfe tara yara suka sa mini suna Hajiya Ƙanzo, sunan da ya bi ni har na gama aji shida.

Na ukun shi ne wanda har yau ya fi yi mini ciwo, don a kansa na yi iya ƙoƙarina. Kala ta kusa ƙarewa, da ƙyar na haɗa kwano biyu da rabi, rabin ma Talatu ce ta juye mini nata. Na wanke, na tsame mara ƙwaya da ta taso saman ruwa, na jiƙa daidai, na hura buntu, na tsare tukunya ko fitsari ban je ba har shinkafa ta buɗe baki. Sai na ce bari in yi abin da zai burge Iya: na baza ta siriri a kan tampol a tsakiyar rana, tun hantsi har la'asar, washegari ma haka, don ta bushe ƙarau. Ta kuwa bushe, ta yi kyau kamar a sa a hoto. Na ɗora a ka na tafi wajen Malam Ado mai injin casa, wanda ba ya tayar da inji don kwano biyu, sai dai ya sa mutum a ƙarshen layi in manya sun gama. Na jira har ƙafata ta yi tsami. Da ya juye tawa, na tara ƙwarya ina murmushi, sai ga abu yana zubowa gutsi-gutsi kamar tsaki. Malam Ado ya ɗebo a tafin hannu ya girgiza kai ya ce, “'Yata, wannan ai sai fate.”

Ban bi ta hanya ba, ta bakin kanal na koma don kada kowa ya gan ni. Gonakin da muka yi kala duk an kafce su, an ja fangali, mata da maza sun duƙufa suna dashen tumatir da albasa, masu ban ruwa suna jera tiyo a kan kunya. Babu sauran zangarniya ko ɗaya a ƙasar Kura. Na shiga gida na dire ƙwaryar a gaban Iya na ce na bari, a kai duron a tsaga, daman ni ban ce ina so ba. Ina faɗa ina kuka, majina har baki. Iya ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “Takwara, sau uku kina wuce ni da ƙwarya. Ko sau ɗaya kin tsaya kin ce, Iya yaya ake yi?” Ta ƙara da cewa, “Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kuma wa ya ce miki an gama? Mu da muke da ruwa a kanal, shekara sau biyu take ba mu. Share hancinki.”

Haushin maganar ya kwana biyu yana cina, don ni mutum ce mai zuciya, har yanzu ma ban warke ba. A rana ta uku na ɗauki kujera 'yar tsuguno na zauna kusa da ita na ce, ƙasa-ƙasa, “Iya, yaya ake yi?” Daga nan bakinta ya buɗe. Ashe duk shekarun nan hannunta kawai nake kallo, ban san abin da take dubawa ba. Ta ce ruwan jiƙo sai ya yi zafin da yatsa zai shiga amma ba zai zauna ba. Ta ce ruwan turara ɗan kaɗan ne, tururi ke aiki. Babban abin da na jahilta shi ne shanya: rana tana fasa ƙwaya tun tana cikin ɓawonta, shi ya sa ake bazawa da ɗan kauri, a riƙa juyawa da ƙafa, in ta sha iska ta yi rabin bushewa a kwashe a kai inuwa ta ƙarasa a hankali. Na tuna sau nawa na ga tana jan tampol zuwa rumfa da azahar, ni a zatona tsoron kaji take yi.

Watannin rani na yi su ne ina bin gidajen masu turara a unguwa, in na taso daga makaranta. Ba ladan komai, in juya musu shanya da ƙafa, in ɗebo buntu, in tsoma yatsa a ruwansu in sun juya baya. Tafin ƙafata ya yi kanta. In na dawo Iya ta tambaye ni abin da na gani, in faɗa, ta ce wance ta iya, wance kuwa ganganci take yi. Tumatir ya nuna aka cika kwanduna a bakin titi, aka haƙe albasa, zafi ya shigo, ni dai idona yana kan 'yan gonakin da suka yi shinkafar rani, waɗanda ba su da yawa a lokacin, yawancinsu can wajen Bunkure inda ruwa ya fi zama. Kullum in na wuce duron a jingine a bayan ɗakin girki, sai na leƙa in ga ko yana nan.

Kalar rani ba ta da daɗi. Ga nisa, ga rana mai ƙuna, tsuntsaye sun riga mu cin rabonsu, ga jarrabawa ta matso. Talatu ta raka ni sau biyu ta ce ita kam ta yafe. Wata ranar in dawo da abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Ana haka Baba ya sayar da albasarsa ya sayo sa, wani ja mai farin goshi, aka ɗaure shi a turke yana shan ruwa a bahon wankin Umma, ita kuma tana mita safe da yamma. Baba ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai kai duro wajen maƙeri. Kwana shida ke nan, abin da na tara kuwa kwano biyu ne ba ko ƙwaya a kai. Na ce da su zan yi.

Na yi komai a natse, Iya tana kallo daga bakin ƙofa, ta ƙi sa baki ko da na waiwaya. Na tsoma yatsa na cire, na jiƙa, da safe na tsame, na hura buntu, na tsare. Na baza da kauri ina bi ina juyawa da ƙafa. Wajen azahar sai gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙura da ledoji, hadarin farko na shekara. Na tattare bakin tampol na ja shi da gudu zuwa ɗakin Iya, ɗigon farko yana sauka a bayana. A nan ƙarƙashin gadonta shinkafar ta kwana biyu, ina shiga ina juyawa da hannu, zuciyata tana ce mini ba ta bushe ba, a fitar da ita rana. Na danne. A rana ta uku na ɗauki ƙwaya ɗaya na murje ɓawon na sa a haƙori, ta ce ƙas.

Ranar jajibirin kasuwa na je inji. Na tara ƙwarya, amma na kasa kallo, na runtse ido ina jin zubarta kawai. Sai na ji Malam Ado ya rage ƙarar inji. Ya ɗebo ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya juya ta da yatsa, sannan ya ce, “Ikon Allah! Ashe Iya ta samu sauƙi ta koma aiki? Ki gaishe ta, ki ce na ga hannunta.” Na rungume ƙwaryar na fita, ban yi gudu ba don kada ƙwaya ɗaya ta zube.

Iya ta zuba a faifai, ta baza, ta daɗe tana bi da yatsa. Ta tsamo wata 'yar tsakuwa ta nuna mini ta ce wannan a bakin wa zan sa. Sannan ta ɗaga murya ta kira Baba da sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi: “Ɗanjuma! Nema wa sanka wani kwamin, wannan yana da mai shi.” A daren nan kwano ɗaya da 'yan kai aka dafa da mai da yaji, gidan gaba ɗaya kowa ya samu loma biyu-uku, ƙanena har da lashe kwano. Duron ya fi ƙarfina a lokacin, sai da na shekara biyu ana kama mini kafin in iya karkato shi ni kaɗai, amma ya ci gaba da hayaƙi a gidanmu har gindinsa ya huje.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Madobi. Sai a zama na uku na ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai, kuma a faɗuwa ta biyun da mutane suka fara cewa in haƙura, ni ban ji komai ba, na san hanyar. In na je gida ina ganin manyan injina a bakin titi masu jiƙawa da turarawa da busarwa duk a cikin gini ɗaya, injin girbi kuma yana shiga gona ya fito kafin yara su taso daga makaranta. Mata suna turarawa har yanzu, aiki ya yi sauƙi, shinkafa ta yi yawa, na kuwa gode wa Allah. Sai dai ni kaina na lura ba ni da abin da Iya take da shi. Da na ga 'yata ta kama hanyar kuskure, ko wata ɗaliba ta riƙe alli a karkace, sai in yi wuf in karɓe in gyara, ba na iya zama in kalli ɓarna.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Bayan an share makoki ne Baba yake gaya mini abin da ban sani ba. Ashe tun a makon farko wani maƙwabci ya zo neman duron, ta hana. San nan ma da wuri ya so saye, ita ta sa ya jinkirta har a fara yankan shinkafar rani. Ranar da na ƙona tukunya kuma, wai da na fita ta kira shi ta ce ƙaurin nan har cikin ranta, saura kaɗan ta taso ta karɓe, amma in ta karɓe yau, gobe wa zai karɓar mini? Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe a shekarar nan mu biyu ne muke dagewa, nata ne ma ya fi wuya.